Kwana Uku a Dausayin Haɗeja-Nguru: Wa Ke Gadin Alƙawarin da Muka Ɗauka?

A wannan makon za mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi, mu ɗaliban aji biyu na sashen labarin ƙasa a jami'a, zuwa dausayin Haɗeja-Nguru cikin watan Janairu. Kafin tafiyar mun shafe zango guda muna haddace dokokin kare muhalli da shekarun da aka kafa su, har muka rubuta jarrabawa a kansu. Ranar da malaminmu ya raba mana takardun sakamako sai ya dube mu ya ce, tunda mun iya doka a takarda, mu shirya ya kai mu inda za mu ga ko kifi da tsuntsu sun san an yi ta. Muka yi dariya, muna zaton wasa yake yi. Bayan mako biyu sai ga mu a cikin mota.

Daga Kano zuwa Nguru

Mun bar Kano bayan sallar Asuba, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Muka bi ta Gezawa, muka wuce Gujungu, muka karya kumallo a Haɗeja da shayi da ƙosai. Duk tsawon hanyar abin da ido ke gani shi ne gonakin gero da aka girbe, da karan dawa a jingine, da bishiyoyin gawo da aduwa jefi-jefi. Wata daga cikinmu ta tambayi malam ko dai direba ya ɓata hanya ne, don ita ba ta ga alamar ruwa ba, balle tsuntsun ruwa. Ba a jima ba ƙasa ta soma sauyawa. Goruba ta yawaita, sai ga koren fili shimfiɗe, ga shanu tsaye cikin ruwa har gwiwa, ga balbela fari fat a bayansu.

Dausayi shi ne wurin da ruwa ke kwanciya, ko duk shekara ko na wasu watanni, kamar fadama da tafki da bakin kogi. Wannan na Haɗeja-Nguru ya samu ne saboda koguna biyu. Kogin Haɗeja yana tasowa daga ƙasar Kano, Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Da suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi sai suka rasa gangaren da za su bi da gudu, suka rarrabu rassa-rassa, suna malala cikin fadamu. Can gaba wajen Gashuwa ruwan ya sake haɗuwa, ya zama kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani duk suna ci daga wannan ruwa: wani ya noma shinkafa, wani ya yi su, wani ya yi kiwo, wani ya yanki kaba ya saƙa tabarma, wata ta kwashi kanwa.

Da la'asar muka shiga Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya ƙare a 1930. Tsofaffin ɗakunan ajiya na kusa da tasha suna nan suna tuna wa mutum zamanin gyaɗa da ƙaro da fatu. Amma abin da ya fara tarbar hancinmu shi ne ƙamshin bandar kifi.

Alƙawarin da aka ɗauka a Ramsar

Da daddare malam ya tara mu a tsakar masaukinmu ya sa muka maimaita abin da muka karanta, mu ma bari mu gutsura muku. Ranar 2 ga Fabrairu, 1971, wakilan wasu ƙasashe suka taru a wani gari mai suna Ramsar a ƙasar Iran, suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi. Yau ƙasashe fiye da 170 ne a cikinta, kuma saboda ita ake bikin Ranar Dausayi ta Duniya kowace 2 ga Fabrairu. Duk ƙasar da ta shiga sai ta ware aƙalla wuri ɗaya ta sa shi cikin jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya, ta yi alƙawarin amfani da shi cikin hikima. Wurin farko da Najeriya ta bayar shi ne Tafkin Nguru da mashigin ruwan Marma, mai faɗin hekta 58,100, a shekarar 2000, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a kanmu a 2001. A 2008 aka ƙara wasu wurare, ciki har da Dagona a Jihar Yobe, da Baturiya a Jihar Jigawa, da Maladumba a Jihar Bauchi.

Wani abokinmu ya yi tambayar da ta tsaya mana a rai har muka dawo. Ya ce, to idan ƙasa ta saɓa alƙawarin, wa zai kama ta? Malam ya ce babu. Yarjejeniyar Ramsar ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu, ba ta cin kowa tara. Ofishinta yana can garin Gland a ƙasar Suwizalan, kuma abin da take da shi bai wuce uku ba. Na farko, duk bayan shekara uku ƙasashen kan taru, kowace ta kawo rahoton abin da ta yi. Na biyu, wajibi ne ƙasa ta sanar idan wani wurinta ya soma lalacewa. Na uku, akwai wani jeri na musamman da ake kira Kundin Montreux, inda ake sa wuraren da ke cikin haɗari don a kawo musu ɗauki, amma sai da amincewar ƙasar ake sa wurinta a ciki. Wato dai makamin yarjejeniyar shi ne kunya da idon jama'a. Kamawa da hukuntawa aikin dokokin cikin gida ne.

Su ma dokokin namu ba haka kawai suka faɗo ba. A 1988 aka gano cewa an shigo da dubban gangunan shara mai guba daga Italiya an jibge a garin Koko, wanda yanzu ke Jihar Delta. Abin ya tayar da hankalin ƙasa, kuma a shekarar ce gwamnati ta kafa dokar hana shigo da shara mai guba, da hukumar kare muhalli ta farko, wato FEPA. A 1992 aka yi dokar da ta ce kafin a gina babban aiki kamar madatsar ruwa ko masana'anta sai an auna illar da zai yi wa muhalli. A shekarar dai aka yi dokar kamun kifi a koguna da tafkuna, wadda ta hana su da guba ko nakiya ko lantarki. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da ana bin ƙa'idojin muhalli, ita kuma a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan dausayi da gaɓar koguna da tafkuna. Ka ga ke nan ba dokoki muka rasa ba.

Yadda ake ƙirga abin da ke tashi sama

Washegari tun da duhu-duhu muka kama hanyar Gashuwa, muka ratse zuwa Dagona a ƙaramar hukumar Bade. Dagona ɓangare ne na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, kuma tun kafin nan sunansa ya kai Turai, don a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har nan kallon tsuntsaye. Wani jami'in gandun daji, dattijo mai furfura a gemu, shi aka haɗa mu da shi. Abu na farko da ya ce mana shi ne mu kashe ƙarar wayoyinmu, mu kuma rage surutu.

Muka bi bayansa ta cikin bagaruwa da giyayya har muka ɓullo bakin tafkin daidai lokacin da rana ke ƙoƙarin keta hazo. Gani ya kori ji. Ruwan ya yi baƙi da tsuntsaye. Ga kirinjijiya garke-garke suna ta fito, ga ɗinya manya-manya suna takawa a gefe, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Jami'in ya miƙa mana madubin hangen nesa ya nuna mana wasu ƙananan agwagi, mazansu da farin layi a saman ido, da wasu masu dogon wuya da jela mai tsini. Ya ce waɗannan baƙi ne. A Turai da Rasha suke yin ƙwai, idan sanyi ya daskarar da ruwan can sai su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, kuma dausayi irin wannan shi ne ruwan farko da suke tararwa bayan hamada. Wajen watan Maris su juya. Ya ce akan samu tsuntsu da ɗan zobe a ƙafa mai lamba da sunan wata ƙasa, masu bincike ne na can suka sa masa don su gane inda yake zuwa.

A nan muka fahimci dalilin da ya sa sai an yi yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Idan mutanen Jamus sun hana harbin tsuntsu, mu kuma muka bar ruwan da yake sauka ya ƙafe, wahalarsu ta tashi a banza. Idan mun kiyaye namu su suka lalata wurin ƙwansa, mu ma haka. Shi ya sa bayan ta Ramsar akwai wata yarjejeniyar da aka ƙulla a 1995 musamman don tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da yammacin Asiya, kuma Najeriya na ciki.

Amma ta yaya za a san ko alƙawarin yana aiki? Sai an ƙirga. Duk shekara a tsakiyar Janairu, a ƙasashe da yawa na duniya, masu sa-kai da jami'ai kan fita kusan lokaci guda su ƙirga tsuntsayen ruwa, don kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu. An fara wannan ƙidaya tun 1967. Jami'in ya koya mana dabarar. Ba ɗaya-ɗaya ake bi ba. Za ka ƙirga goma, ka riƙe girman gungunsu a idonka, sai ka dinga auna sauran garken da shi: goma, ashirin, talatin. In garken babba ne ka auna da hamsin ko ɗari. Muka kasu rukuni uku muka ƙirga garke guda. Da muka haɗa lissafi, rukunin farko ya kusa ninka na uku. Muka soma musu, kowa na cewa nasa ne daidai, sai wata shirwa ta gilma, garken ya tashi gaba ɗaya, gardama ta ƙare. Jami'in ya yi murmushi ya ce shi ya sa ake son mutum ɗaya ya riƙa ƙirga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da hanya ɗaya, shekara da shekaru. Lissafin shekara guda ba ya faɗar komai. Sai an jera na shekara goma ko ashirin ake gane ko garken yana ƙaruwa ko yana raguwa.

Muka tambaye shi gauraka, don mun sha jin sunanta a bakin kakanninmu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce yana yaro yakan ji kukanta da asuba a fadamar garinsu, amma yanzu ya daɗe rabonsa da ita. An kama ta an sayar wa masu son ado a gidajensu, wuraren ƙwanta kuma sun zama gonaki. Tana cikin tsuntsayen da doka ta hana kamawa, sai dai dokar ba ta riske ta da wuri ba.

Yaron da muka tarar a bakin ruwa

Muna kan hanyar dawowa ta wani lungu na tafkin sai jami'in ya ɗaga hannu, muka tsaya cak. Ya duƙa ya zaro wani siririn zaren roba daga cikin laka, an yi masa zarge, an ɗaure a turke. Ya bi layin, sai ga wani, ga wani, sun fi ashirin. A na ƙarshe akwai kirinjijiya biyu, ɗaya ta riga ta mutu, ɗaya tana fuffuka. Bayan wata giyayya kuma ga mai tarkon a tsugune, ya rasa hanyar gudu. Yaro ne da bai wuce sa'an 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ba, sanye da tsohon wandon makaranta, jikinsa na rawa, ko don sanyi ko don tsoro.

Jami'in bai daka masa tsawa ba. Ya kwance mai ran, ya duba ƙafarta, ya sake ta. Ya naɗe zaren duka ya sa a jaka, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Sannan ya ce, “Yaro, ɗan gidan wa ne kai?” Yaron ya faɗa da ƙyar. Ya ce, “Ka san an hana?” Ya ce, “Na sani, Baba.” Ya ce, “To me ya kawo ka?” Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce gonar shinkafar babansa kachala ta cinye ta shekara uku ke nan, kuma kuɗin tsuntsun ne yake sayen littafi da sabulu.

Bisa doka, farauta a cikin gandun daji laifi ne da ake iya kai mutum kotu a kansa. Jami'in ya ce mana ya sha kai manyan mafarauta masu bindiga, waɗanda ke cika buhu su kai kasuwa. Wannan kuwa ya tasa shi a gaba har ƙofar gidan mai garinsu, mu ma muna biye. Aka kira mahaifin, ya zo yana ta ba da haƙuri. Mai gari ya yi wa yaron faɗa a gaban mutane, uban ya ɗauki alƙawari, aka rubuta sunansa, aka ce in an sake ganinsa sai dai su haɗu a gaban alƙali. Muka juyo jikinmu a sanyaye. Kalmar kachala kuwa ta maƙale mana.

Ciyawar da ta toshe kogi

Rana ta uku muka shiga kwalekwale a Tafkin Nguru tare da wani tsohon masunci. Ba mu yi nisa ba muka shiga wani siririn lungu tsakanin bango biyu na ciyawa, dogaye sun fi mutum tsawo, ganyensu kamar takobi, kansu kamar zangarniyar gero. Ita ce kachala. Tsohon ya nuna wani wuri da sandar tuƙinsa ya ce nan gonar mahaifinsa take, nan ya koyi dashen shinkafa. Ba abin da muke gani sai ciyawa.

Malam ya yi mana bayanin yadda abin ya faru. A da, kogin Haɗeja yakan cika ya yi ambaliya a watannin Agusta da Satumba, da rani kuma ya janye, wasu rassan su bushe ƙurmus. Manomi ya san lokacin shinkafa, ya san lokacin da zai bi ruwa yana janyewa ya shuka wake ko alkama ko kayan lambu. Kifi yakan bi ambaliya ya shiga fadama ya yi ƙwai. Makiyayi yakan zo bayan an girbe. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Madatsun sun yi amfani ƙwarai: da su birnin Kano ke shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa da Kura, kuma tumatir da shinkafar da muke ci da yawa daga can suke. Amma sun sauya numfashin kogin. Ambaliyar damina ta ragu, sannan ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, don haka rassan da ke bushewa suka daina bushewa. Abin da kachala ke so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Da ta kafu sai ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Ruwan da ya rasa hanyarsa ta asali sai ya karkata ta mashigin Marma zuwa Nguru, ya kwanta a kan gonaki ya ƙi tashi, alhali wasu garuruwan da ke kan tsofaffin rassan suna kukan rashin ruwa. Cikin ciyawar kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, su fito da safe su faɗa wa gero da shinkafa. Sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya su ma sun samu gida.

Ku lura da shekarun nan. An gama Tiga shekara 18 kafin a yi dokar auna illar manyan ayyuka. Ba wanda ya zauna ya ƙudura cutar da mutanen Nguru, amma ba a tambaye su ba, kuma ba dokar da ta tilasta a tambaye su a lokacin. Daga baya wasu masana tattalin arziki suka yi bincike a wannan dausayi, suka gano cewa idan aka haɗa amfanin noma da su da itace, ruwan da ya malala a fadama yana samar da arziki fiye da irinsa da aka tsare don noman rani a sama. An yi ƙoƙarin gyara. Tun 1987 aka fara wani shirin kare dausayin, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da wasu ƙungiyoyin waje suka kafa. A 2006 jihohin da ke cin ruwan kogin, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, ita ma tana da ƙa'idojin raba ruwa. Mutanen ƙauyuka kuma kan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda su buɗe hanya, wani lokaci gwamnati ta kawo injin yankan ciyawa. Amma kachala daga saiwa take tohowa, in aka yanke aka tafi, kafin shekara ta zagayo ta dawo.

Dokar da ba a rubuta ba

Muka tambayi tsohon masuncin ko ya san yarjejeniyar Ramsar. Ya ce ya taɓa ganin sunan a jikin wani allo. Amma ya san wata dokar. Ya ce tun kakanninsu akwai tafkunan da sarkin ruwa ke rufewa idan ruwa ya fara janyewa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da aka sa, a taru a yi su gaba ɗaya. Irin wannan al'ada ce ta haifar da bikin kamun kifi na Badawa a Gorgoram, kamar yadda ake yi a Argungu. Wanda ya saci jiki ya shiga kafin lokaci, a ƙwace komarsa, kuma ya sha kunya a gari. Ya ce, “'Ya'yana, wancan zamanin ba mai gadi, amma kowa mai gadi ne, don kowa ya san rabonsa na ciki.”

Yanzu fa? Ya ce mutane sun yi yawa, kifi ya ragu, baƙi suna zuwa daga nesa waɗanda ba su san sarkin ruwa ba. Wasu na yin taru da gidan sauro, su kwashe har 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Wasu na datse mashigi da jerin gura, ba abin da zai wuce. A da har akwai masu zuba gamalin a ruwa, kifi ya taso ya mutu babba da yaro, mutane su saya su ci guba ba su sani ba. Ya ce a garinsu sun hana wannan da kansu, kuma duk wanda suka kama sukan miƙa shi ga hukuma. Inda masunta da masu gari da jami'ai suka haɗa baki, doka tana ci. Inda aka bar jami'i shi kaɗai da dausayin da ba ya iya zagayawa ko a mako guda, sai dai a yi ta ɓuya da shi.

Gardamar cikin mota

A hanyar komawa Kano motar ta rabu biyu a kan yaron nan. Wasu suka ce jami'in ya yi sassauci, doka doka ce, in aka ƙyale kowa saboda talauci to ba tsuntsun da zai rage, kuma haka gauraka ta tafi. Wasu suka ce ina adalci a ɗaure yaro saboda tsuntsu biyu, alhali abin da ya cinye gonar ubansa ya fi tarko dubu ɓarna kuma ba wanda aka tuhuma? Aka yi ta yi har Gujungu.

Malam bai raba mana gardamar ba. Abin da ya ce kawai shi ne mu lura da abubuwa uku da muka gani da idonmu. Akwai doka, akwai mai sa ido ya ga ko ana bin ta, akwai kuma mai hukunta wanda ya karya. In ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba sa tsayuwa, kamar murhu ne. Ya ƙara da cewa laifin da ya fi sauƙin kamawa shi ne na ƙaramin mutum, don shi ake gani a tsugune a bakin ruwa. Ɓarnar da ke zuwa a hankali, daga nisan ɗaruruwan kilomita, ba ta da fuskar da za a nuna, sai an auna ruwa, an ƙirga tsuntsu, an ajiye lissafi shekara da shekaru kafin a iya cewa ga ta. Har yau ba mu daidaita a kan yaron ba. Abin da muka yarda da shi gaba ɗaya shi ne, muddin gonar ubansa na ƙarƙashin kachala, alƙawarin da aka ɗauka a ƙofar mai gari zai yi wuyar riƙewa.

Naku aikin

Ƙannenmu, kada ku ce wannan labarin mutanen Nguru ne. Kusan kowane gari yana da kududdufi ko fadama ko rafi, kuma da yawa ana cike su da shara ko a yanka su filaye, shi ya sa ruwan sama kaɗan sai unguwa ta cika. Sa ido ba ya buƙatar digiri. Ku samu littafi guda a ƙungiyar kula da muhalli ta makarantarku, in babu ku roƙi malamin labarin ƙasa ko na kimiyyar halittu ya taimaka ku kafa. Ku zaɓi wuri ɗaya kusa da ku. Sau ɗaya a wata ku je ku rubuta kwanan wata, da inda ruwa ya kai, da irin tsuntsayen da kuka gani da yawansu, da abin da ake zubawa a ciki. Ku tambayi kakanninku sunayen tsuntsaye da kifayen da suka sani a wurin, ku rubuta waɗanda ba a gani yanzu. In za ku bar makaranta ku miƙa littafin ga 'yan bayanku. Idan kun ga ana zuba guba ko dattin masana'anta a ruwa, kada ku tunkari kowa da kanku, ku gaya wa malaminku ko mai unguwa, su sanar da ma'aikatar muhalli ta jiha. Masu danƙo kuma, a bar shamuwa da balbela su huta.

Mu dai mun yi shawara za mu koma Dagona Janairu mai zuwa in Allah Ya kai mu, mu shiga ƙidayar da gaske, rukuni uku kuma lissafi ɗaya. Mun kuma haɗa 'yan littattafai da alƙaluma mun ba malam ya aika wa mai garin nan, a ba yaron. Sai mun ji daga gare ku.